Kwana 44 a Bayan Takunkumi

Asabar, 11 ga Afrilu, 2020

Yau ta shigo Kano. Ina cikin rubuta rahoton miƙa aiki da yamma sai wayoyi suka fara ƙara a ɗakin ma'aikata, ta wannan ta yi, ta waccan ta yi. An tabbatar da mutum na farko mai korona a jihar. Tun ƙarshen Fabrairu, da aka samu Baturen Italiyan nan a Legas, muke cewa tana tafe, amma ji daban, gani daban. Ɗakin ya yi tsit. Can sai ɗaya daga cikin ƙananan nas-nas ta tashi ta je famfo ta wanke hannu, alhali ba abin da ta taɓa sai wayarta. Muka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi wa wata dariya.

Shekarata 14 ina aikin jinya. Na yi aikin kwalara, na yi na sanƙarau, na ga lokacin da ƙyanda ta cika ɗakin yara har ana kwantar da biyu a gado ɗaya. A watan Janairun nan ma zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a garin nan. Amma kowacce a cikinsu, ko na san ƙofar da take shiga, ko na san rigakafinta. Wannan kuwa ba rigakafi, ba magani, kuma mutum na iya kasancewa ɗauke da ita har kwana 14 yana yawo yana gaisawa da jama'a.

Metiron ta tara mu ta ce, "Ba na son in ga fuskar tsoro a ɗakin nan. Mu muka zaɓi aikin nan da kanmu." Muka ce to, ranki ya daɗe. A hanyar gida ba kaina na tuna ba, Hajiya na tuna, mahaifiyar maigidana. Ta haura saba'in, ga hawan jini, ga suga, kuma bango ɗaya ya raba ɗakinta da namu.

Don lissafin cefane na sayi littafin nan. Zan juya shi ta baya in riƙa zuba abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Da ƙarfe 10 na daren yau dokar kulle za ta fara aiki, Gwamna Ganduje ya ce ta kwana bakwai ce. Gari ya rikice, kowa yana sayen abinci kamar jajibirin Sallah. Aka ce a guji cunkoso, sai ga shi sanarwar ce ta haifi cunkoson da ya fi na kullum. Mu dai katin aiki ne fasfo ɗinmu a shingen jami'an tsaro.

Na shimfiɗa dokata a gida. Bokiti da sabulu a soro. Takalmin aiki ba ya wuce soro. Kayan da na dawo da su a leda za su shiga, daga nan ruwan zafi. Sai na yi wanka kafin kowa ya matso. Manyan yaran sun gane. Auta ce, 'yar shekara uku, tana jin ƙarar ƙofa ta taho da gudu hannu a buɗe. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba: "Tsaya nan!" Ta tsaya cak, leɓenta na rawa. Na wuce banɗaki na sakar wa kaina ruwa, na daɗe ban fito ba.

Asabar, 18 ga Afrilu

Da safe muka tashi da labarin rasuwar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, jiya. Korona ce. Baba mai shara a ɗakinmu ya jingine tsintsiya ya ce da ni, "Sista, wanda ke kusa da shugaban ƙasa bai tsira ba, ina ga mu?" Na ce masa kwana ne ya ƙare, Baba. Amsar da nake ba kowa ke nan, amma ni ba ta kwantar mini da hankali ba.

An fara ƙirga mana takunkumi. Sai ka sa hannu a littafi a ba ka guda ɗaya na yini. Mai kaurin nan, N95, yana cikin kabad a kulle, an ce sai an samu wanda aka tabbatar yana ɗauke da ita. To wa zai tabbatar? Mara lafiya ba ya zuwa da takarda a goshi. Da zazzaɓi yake zuwa, da tari, da kasala, irin waɗanda muke gani kullum tun kafin a san akwai wani gari wai shi Wuhan.

Laraba, 22 ga Afrilu

Aikin dare nake. Wajen ƙarfe ɗaya aka kawo wani dattijo, 'ya'yansa biyu na riƙe da shi. Sun ce sun zaga asibitocin kuɗi uku, duk ƙofa a rufe. Na maƙala masa na'urar awon iska a yatsa: 72. Mai lafiya 95 zuwa sama yake. Aka sa masa oksijin, aka kwantar da shi a gadon ƙarshe, jikin taga.

Wajen ƙarfe uku na zo zagaye. Ya zame daga kan filo, yana jan numfashi da kafaɗu. Ya dube ni ya ce, "'Yata, ɗago ni."

Zan rubuta gaskiya, tunda ba mai karantawa. Na tsaya. Tsakanina da shi taku uku ne, na kasa yin su. Ɗago mara lafiya sai ka sa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa, ƙirjinka a jikin nasa, numfashinsa a wuyanka. Na yi haka sau dubu. Daren nan sai na ji ƙafata ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Na ce, "Ina zuwa, Baba." Na koma tebur na ƙara safar hannu a kan wadda ke hannuna, na ɗaura leda a gaba, na gyara takunkumi, na sake gyarawa. Ba su fi minti biyu ba. Da na dawo na tarar ƙaramin ɗansa ya riga ya ɗago shi, ba safa, ba takunkumi. Yaron bai ce mini komai ba. Gara ma da ya zage ni.

Ana kiran assalatu dattijon ya cika. Na san minti biyuna ba su suka kashe shi ba. Huhunsa ya riga ya tafi tun kafin a shigo da shi. Na kuma san kare kai kafin taɓa mara lafiya shi ne ƙa'ida, haka aka koya mana. Amma ni na san abin da ya tsayar da ni ba ƙa'ida ba ce.

Juma'a, 24 ga Afrilu, 1 ga Ramadan

An tashi da azumi. Ba Juma'a, ba tafsiri a masallatai, ba tarawihin jam'i. Ban taɓa ganin watan azumi ya shigo Kano shiru haka ba.

Ba a ɗauki samfurin dattijon nan ba, don a 'yan kwanakin nan ɗakin gwajin Kano a rufe yake. An kai shi makwancinsa da abin da ke jikinsa, ni kuma an bar ni da tambaya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Maganar da ke bakin kowa ita ce maƙabarta. Masu haƙar kabari a Ɗandolo da sauran wurare suna cewa ba su taɓa ganin yawan gawa irin na makon nan ba, kuma yawanci tsofaffi ne. Wasu na cewa zafi ne, wasu maleriya, wasu hawan jini da suga da suka rasa magani saboda kulle. A unguwarmu matasa na buga ƙwallo da yamma suna ihun babu korona. Ni da na ga 72 a yatsan mutum, ban san da wane baki zan yi musu gardama ba.

Zafi ya kai 40. Azumi a baki, leda a jiki, takunkumi a fuska. Kafin azahar rigata ta jiƙe sharkaf, har takalmina yana ƙara in na taka.

Litinin, 27 ga Afrilu

Shugaba Buhari ya yi jawabi da dare. An sassauta wa Legas da Ogun da Abuja daga mako mai zuwa, Kano kuwa an kulle ta ruf na mako biyu.

Kwana biyar ke nan barcina bai wuce awa uku. Na kama wata ɗabi'a: ba na kwanciya sai hukumar NCDC ta fitar da alƙaluman ranar, kusan tsakar dare. In duba Kano, in haɗa da na jiya, in ajiye wayar, in sake ɗauka. Ina auna zafin jikina sau biyar, sau shida a yini. Tunda aka ce tana ɗauke jin wari, kullum kafin sahur sai na buɗe gwangwanin daddawa na shinshina. Yau maigida ya kama ni a kicin, hancina cikin gwangwani. Ya yi dariya, da ya ga ban yi ba sai ya daina.

Ya ce, "Wai ina tawakkalinki ne? Abin da Allah bai rubuta ba ba zai same ki ba."

Na ce, "Haka ne, Abban yara."

Gaskiya ya faɗa. Amma sai na ji kamar an ƙara mini kaya: da tsoro kawai nake ɗauke da shi, yanzu ga kunyar tsoron a kai.

Alhamis, 30 ga Afrilu

Ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce ma'aikatan lafiya 113 ne suka kamu a faɗin ƙasar. Muka karanta a ɗakin hutu, kowa ta yi shiru tana lissafin kanta a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yau ƙarami ne. Shekara takwas muna musayar kwanon buɗa baki da maƙwabciyata, ni in aika ƙosai, ita ta aiko kunun tsamiya. Yau na aiki babban yarona, ya dawo da kwanon a rufe yadda ya tafi da shi. Wai an ce a gode, sun ƙoshi. Kuma an ce 'ya'yansu kada su ƙara shigowa gidanmu sai abin nan ya wuce.

Ban ga laifinta ba. Da ni ce ita, wataƙila haka zan yi. A rediyo ana kiranmu jarumai, a layinmu kuwa in na fito mutane gefe suke yi. Na zauna na cinye ƙosan ni kaɗai, ya huce.

Lahadi, 3 ga Mayu

Jiya Sarkin Rano ya rasu. Manyan mutane sai tafiya suke, malaman jami'a, 'yan kasuwa, dattawan unguwa. Kano ce ta biyu yanzu a yawan masu cutar, bayan Legas.

Yau kuma ta shigo ɗakinmu. Abokiyar aikina, wadda muka yi daren dattijon nan tare, sakamakonta ya fito: tana da ita. Kwana huɗu da suka wuce kwano ɗaya muka ci a buɗa baki, muka sauke takunkumi muna hira. An wuce da ita wajen killacewa. Ni da wasu mutum huɗu aka ce mu koma gida mu killace kanmu kwana 14.

Killace kai a ina? Gidanmu ɗaki uku ne, banɗaki ɗaya. Maigida ya kwashe buhunan da ke ɗan ɗakin ajiya na kusa da soro, ya shimfiɗa mini katifa. Ya ware mini buta da kofi da kwano. Yana yi yana cewa ba komai, amma na ga yadda yake riƙe da katifar da 'yan yatsu.

Talata, 5 ga Mayu

An ɗauki samfurina. Sandar audugar nan ta shige hancina har na ji ta a tsakiyar kai, hawaye suka zubo da kansu. Mai ɗaukar ya ce za a kira ni. Yaushe? Ya ce in dai riƙa barin waya a kunne.

Yanzu ana buɗe gari ranar Litinin da Alhamis, daga 10 na safe zuwa 4 na yamma, don a sayi abinci. Jiya maigida ya fita ya dawo da lemo da zuma da citta da tafarnuwa. Kowa ya zama likita: wannan ya aiko a yi sirace da ganyen darbejiya, wancan ya ce habbatussauda. Ina karɓa ina godiya. Hannun da ya miƙo ne maganin.

Auta tana zuwa ta zauna a bakin ƙofa ta waje. Ta turo yatsunta ta ƙasan ƙofar ta ce, "Umma, taɓa." Na ce, "Hannun Umma da datti, sai ta wanke." Ta ce, "To ki wanke mana."

Alhamis, 7 ga Mayu

Daren jiya na zaci tafiya ce ta zo.

Wajen ƙarfe biyu na farka ƙirjina kamar an ɗora dutse. Gabana na dukan uku-uku, zufa ta karyo, numfashi ya ƙi isa ƙasa, yatsuna suka ɗauki tsami. Na ce shi ke nan, ta sauka huhu. Na fara tunanin wa zai yi mini wanka, ko ma za a bari a yi. Na lalubo na'urar awon iska a jaka na maƙala a yatsa. 98. Na sauya yatsa. 98. Bugun zuciya ne kawai ya haura 120.

Na zauna ina kallon lambar. Huhuna lafiya lau. To mene ne wannan da ke shaƙe ni?

Na kira wata ƙawata da muka yi makarantar koyon jinya tare, wadda ta ƙware a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta ɗauka a bugu na biyu, ashe ita ma idonta biyu. Na gaya mata komai, har da daddawa, har da dattijo. Shi ne karo na farko da maganar dattijon ta fita daga bakina.

Ta ce, "Ke, wannan firgici ne. Jikinki ya kusa wata guda a tsaye kamar mai jiran ɓarawo, dole ya gaji. Ja numfashi ta hanci, ki ƙirga huɗu. Sake shi a hankali, ki ƙirga shida. Ina kan layi."

Muka yi ta yi tare, ita daga can, ni daga nan, har dutsen ya fara ɗagawa.

Na ce, "Kada dai in ƙare a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau."

Ta ce, "Kin ji matsalarmu ke nan. A garin nan ko mutum lafiyarsa ƙalau, ko a ce a kai shi Dawanau, kamar babu komai a tsakani. Alhali yawancin mutane a tsakanin suke. Ke ce ta nawa da ta kira ni a makon nan, kuma kowacce sai ta ce kada in gaya wa kowa."

Ta kafa mini sharuɗɗa uku. In daina jiran alƙaluman tsakar dare, in duba sau ɗaya da safe. In auna zafin jiki sau biyu kawai a yini. In kira ta kullum bayan la'asar, ko ba abin faɗa. Ta ƙara da cewa in rashin barcin ya zarce, ko na ji rayuwa ta fita raina, ba sauran ɓoye-ɓoye, sai ganin likita, yadda zan tura mai hawan jini.

Juma'a, 8 ga Mayu

Ashe Hajiya ta ji kukana daren shekaranjiya. Bayan sallar asuba na ji jan sandarta, ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugunno ta zauna nesa da ƙofa.

Ta ce, "'Yar nan, kin tashi lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Hajiya. Don Allah ki koma ciki."

Ta ce, "Ina nan inda nake. Ni kike jin tsoro ki kashe, ko?"

Na kasa amsawa.

Ta ba ni labarin shekarar sanƙarau, 1996, lokacin da ta yi jinyar ɗanta na uku a asibiti, mutane kwance har a baranda. Ta ce kullum in za ta shiga ɗakin sai cikinta ya ɗuri ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi addu'a, sannan ta shiga. "Tsoro halitta ce, 'yar nan. Wanda ya ce miki mai tawakkali ba ya jin tsoro bai taɓa jinya ba. Kuma in kwanana ya ƙare, ba ke kika ƙarar da shi ba. Na yafe miki tun yanzu, ki ajiye wannan kayan."

Na yi kuka mai sauti, ban toshe baki ba. Rabona da barcin awa shida tun kafin azumi, sai yau da hantsi.

Lahadi, 10 ga Mayu

Sun kira. Ba ni da ita.

Na yi sujada. Maigida ya yi ta hamdala a tsakar gida, yara na tsalle. Amma an ce in cika kwanakin, don gwaji na iya kuskure in an yi shi da wuri. Abin mamaki, na zaci da jin sakamakon komai zai wuce. Da dare sai ga hannuna ya kai kan ma'aunin zafi karo na uku. Na ajiye shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya ma gudu yake.

Talata, 12 ga Mayu

Ranar ma'aikatan jinya ta duniya. Yau shekara 200 cif da haihuwar Florence Nightingale, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware 2020 ta zama shekarar nas-nas da ungozomomi. Wa ya san haka shekarar tamu za ta kasance?

Saƙonnin taya murna sun cika waya, da furanni da hotunan fitila. Na gode. Amma kuɗin hatsarin da aka daɗe ana biyan ma'aikacin lafiya a ƙasar nan naira 5,000 ne a wata. An yi alkawarin ƙari saboda annobar, muna jira.

Na tuna Ebola ta 2014 a Legas. Kowa ya san sunan Dakta Stella Adadevoh, kuma ta cancanta. Amma akwai nas Justina Ejelonu da ita ma cutar ta kashe. Mutum nawa ke tuna ta? Likita ya duba ya wuce gado na gaba. Mu ne muke juya mara lafiya, mu share majina, mu zubar da fo, mu kwana a kansa. Kusancin nan shi ne aikin, shi ne kuma hatsarin.

Na kira abokiyar aikina a wajen killacewa. Zazzaɓi ya sauka, tana cin abinci. Ta ce ba ciwon ne ya fi damunta ba, jaririnta da aka yaye da ƙarfin tsiya ne, da tunanin ko ta shafa mini. Na ce ni kuma ina nan ina tunanin ko ni na shafa mata. Muka yi dariya har ta sarƙe da tari.

Litinin, 18 ga Mayu

Jiya kwana 14 suka cika. Na wanke ɗakin ajiya da ruwan bilic, na shanya katifa a rana. Yau na koma aiki. Gwamnatin tarayya ta ƙara wa Kano mako biyu na kulle.

An samu ƙarin kayan kariya, har da gilashin rufe fuska. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To fuskokin duk a rufe suke, sai idanu. Amma idanun sun isa. Ƙaramar nas ɗin nan da ta fara wanke hannu ranar farko, bayan hannunta ya tsattsage saboda sabulu da sanitaiza, har yana fitar da jini. Wata ta rame. Wata da ba a taɓa jin muryarta ba yanzu da ƙyar ake kwana ba ta yi faɗa da masu jinya ba.

Wajen miƙa aiki na ce, "Ranki ya daɗe, ina da magana." Na faɗi abin da ya same ni daren 7 ga wata, da lambar 98, da abin da ƙawata ta ce. Na faɗi na dattijon ma. Muryata na rawa, amma na kai ƙarshe.

Aka yi shiru, na ce yau na jawo wa kaina. Sai ƙaramar nan ta ce ita a mota take yin kuka kafin ta shigo. Wata ta ce mijinta ya ce ta zaɓa, ko aikin ko gidan. Metiron ta daɗe tana kallon rajista. Can ta ce, "Ni tun ranar da aka rufe gari ban je na gaida mahaifiyata ba. A waya nake ce mata aiki ne ya yi yawa." Ta rufe rajistar. "Daga yau, in an gama miƙa aiki, minti goma namu ne. Wadda ke da abin faɗa ta faɗa. Abin da aka faɗa a nan, a nan zai tsaya."

Alhamis, 21 ga Mayu

An kawo wata tsohuwa daga ƙauye, awon iskarta 84. Da la'asar ta zame daga filo. Ta yafito ni da hannu ta ce, "'Yar nan, gyara mini kwanciya."

Gabana ya faɗi, kamar wancan daren. Ƙafar ta so ta yi nauyi. Amma kayan kariyata a jikina suke tun kafin in shigo, na duba su a bakin ƙofa, na yi addu'ata a can, yadda Hajiya ta ce tana yi. Na ja numfashi, na ƙirga huɗu a kan hanya. Na sa hannu ta ƙarƙashin hammatarta na ɗago ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Numfashinta ya dushe mini gilashi.

Ta ce, "Allah Ya yi miki albarka." Na ce amin, Iya. Hannuna bai daina rawa ba sai da na kai tebur.

A minti gomanmu na yau na faɗa musu. Baba mai shara ya tsaya a bakin ƙofa yana ji, Metiron ta ce ya shigo, shi ma ɗan ɗakin ne.

Lahadi, 24 ga Mayu, ranar Sallah

An yi Idi, amma ba hawa. Ba dawaki, ba algaita, ba ƙarar bindigar 'yan baka. Aikin safe na yi. Abokiyar aikina an sallame ta, ta aiko mini hoton jaririnta a kan cinyarta. Awon iskar tsohuwar nan ya kai 91, ta sha kunu da kanta.

Annobar ba ta tafi ba, tsoron ma haka. Jiya da dare na sake farkawa ƙarfe biyu, amma na san sunan abin, na ƙirga numfashina har na koma barci.

Da na dawo gida na tarar da kwano a soro, kusa da bokitina, an rufe da faifai. Tuwon Sallah ne da miyar taushe, daga maƙwabciyata. Ba ta shigo ba, aikowa ta yi. Na gode mata a haka.

Na cire takalmi, na zuba kaya a leda, na yi wanka, na sa atamfar Sallah. Da na fito, Auta na tsaye a tsakar gida cikin sabuwar rigarta, daidai inda na taɓa tsayar da ita. Ba ta taho da gudu ba. Ta koya.

Ta ce, "Umma, kin wanke?"

Na durƙusa na buɗe hannu. Na ce, "Na wanke. Zo."

Sai da ta waiwaya ta dubi Hajiya, Hajiya ta gyaɗa mata kai, sannan ta taho.